A Duba Zuciyar Ɗan Tayi Kafin a Tafi Goyon Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, musamman magidanta da iyaye mata, a kan wani gwaji da ake yi wa mai juna biyu domin a duba zuciyar abin da ke cikinta tun bai zo duniya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na daɗe ina aikin awo da karɓar haihuwa a yankin Agege. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura mutanenmu sun karɓi hoton ciki hannu bibbiyu, amma da yawansu ba su san cewa hoton nan iri-iri ne ba, kuma wanda suka fi biyan kuɗinsa ba shi ne yake gano ciwon zuciyar jariri ba.

Duk wanda ya ratsa Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ko Alaba Rago zai ga allunan wuraren sikanin birjik a bakin titi. Mace za ta shiga, ta kwanta, a shafa mata man nan mai sanyi a ciki, a ɗora kan na'ura a zagaya sau biyu ko uku, kafin ta gama gyara kwanciya an ce ta tashi. Takardar da za a miƙo mata ta ce ɗa ɗaya ne, yana da rai, kansa yana ƙasa, ruwa ya wadata, ga kuma ranar da ake sa ran haihuwa. Idan ta dawo gida, tambayar farko da za ta tarar daga uwar miji har maƙwabta ita ce, namiji ne ko mace? Ba na raina wannan hoton, domin yana tabbatar da watannin ciki, yana nuna tagwaye, yana kuma nuna idan mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa. Sai dai ganin zuciya tana bugawa daban, sanin cewa an gina ta daidai kuma daban, kuma a nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Lahanin zuciya shi ne ya fi kowane lahanin halitta yawa a cikin jarirai. A ƙididdigar da masana suka daɗe suna aiki da ita, kimanin jarirai 8 cikin kowane 1,000 ake haifa da shi, wato kusan ɗaya cikin ɗari, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan nasu mai tsanani ne, wanda yake buƙatar tiyata ko wani aiki na gaggawa kafin su cika shekara. Nijeriya tana haifar yara sama da miliyan 7 a shekara, don haka idan aka auna da wannan mudu, maganar yara fiye da dubu 50 ake yi kowace shekara. Zuciya kuwa da wuri ake gina ta. Tana fara bugawa kimanin mako uku bayan shigar ciki, kuma kafin mako na takwas ɗakunanta huɗu da manyan jijiyoyinta sun kammala. Ke nan lahanin yakan riga ya zauna tun kafin mace ta tabbatar wa kanta cewa ɓatan watan da ta yi ciki ne.

Abin da yake rikita iyaye, har wani lokaci ya sa su zargi ungozoma ko su ɗora wa iska da mayu, shi ne yaron yakan zo lafiya lau, ya yi kuka, ya kama nono, sai bayan kwana biyu ko uku ko mako guda ya rikice. Dalilin yana cikin yadda Allah ya tsara rayuwar ciki. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, ta cibiya yake samun iskar oksijin daga jinin uwarsa, saboda haka jininsa ba shi da buƙatar bi ta huhu sosai. Sai aka yi masa ɓarauniyar hanya guda biyu, irin wadda direban danfo yake bi ta cikin unguwa idan babban titi ya cushe: ɗaya ƙofa ce tsakanin ɗakuna biyu na sama, ɗayar kuma wata gajeriyar jijiya ce da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Muddin waɗannan hanyoyi suna buɗe, ko da an samu babban kuskure a ginin zuciya, jini yana samun inda zai bi, yaro yana girma a ciki ba tare da uwa ta ji wani abu ba. Da zarar an haihu huhu ya buɗe, gajeriyar jijiyar nan takan fara tsukewa, ta rufe cikin 'yan kwanaki. Ga lafiyayyen yaro wannan shi ne daidai. Ga wanda rayuwarsa ta rataya a kanta kuwa, rufewarta ita ce farkon tashin hankali.

Na taɓa karɓar wani jariri da aka kawo mana ana jibi suna, an riga an sayi rago. Uwar ta ce tun daren jiya yake sakin nono bayan tsotso biyu ko uku, gumi yana tsattsafo masa a goshi, numfashinsa yana sauri har haƙarƙarinsa suna lotsawa. Kakarsa ta riga ta ba shi rubutu, ta turara masa hayaƙi, don a ganinta iska ce ta buge shi. Da na taɓa ƙafafunsa na ji su sanyi ƙalau, na nemi bugun jini a matsematsinsa ban samu ba, alhali a hannunsa na dama ana ji. Da aka tura shi babban asibiti, hoton zuciya ya nuna babbar jijiyar jikinsa ce ta tsuke a wani wuri. Uwar nan ta yi hoton ciki har sau uku, takardun suna cikin jakarta, babu ko ɗaya da ya ce uffan a kan zuciya illa cewa tana bugawa. Gaskiya ne irin wannan tsukewar tana cikin masu wuyar gani kafin haihuwa ko ga gwani, amma a nata babu ma wanda ya duba balle a ce ya kuskure.

Na'urar hoton ciki ba irin ta hoton ƙashi ba ce, ba ta da hasken da ke cutarwa. Sauti ne mai ƙarfin kaɗawa wanda kunne ba ya ji take aikawa cikin jiki, ta kama amsa-amonsa ta mayar da shi hoto. Wani likitan mata a Gilasgo mai suna Ian Donald ne ya buɗe wannan hanya da rahoton da ya wallafa a 1958, kuma tun daga farkon shekarun 1980 likitoci suka ƙware wajen duba zuciyar ɗan tayi kanta. Akwai mataki biyu da ya kamata kowace mai ciki ta sani. Na farko shi ne hoton duba sassan jiki, wanda a asibiti ake kira anomali sikan, ana yin sa tsakanin mako na 18 da na 22, wato cikin wata na biyar. A nan mai hoton yakan bi yaro daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙashin baya, ƙoda, ciki da gaɓɓai, kuma idan ya iso zuciya wajibi ne ya ga ɗakuna huɗu, ya ga bangon da ya raba su, ya kuma ga manyan jijiyoyi biyu suna fita kowace daga ɗakinta, suna giftawa da juna. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin akwai manyan lahani da ɗakuna huɗun za su fito sumul, matsalar tana can a mafitar jijiyoyi.

Mataki na biyu shi ne hoton zuciya zalla, wanda likitoci suke kira fital eko, kuma likitan zuciyar yara ko ƙwararren likitan masu juna biyu ne yake yin sa. A wannan lokaci zuciyar ba ta wuce santimita biyu ba, tana kuma bugawa tsakanin sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya, ga yaro yana juyi yadda ya ga dama, shi ya sa aikin yakan ci rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci ma a ce wa mace ta tashi ta ɗan zagaya ta dawo. Na'urorin zamani suna da fasahar Dofla, wadda take shafa wa jini launi a allo, ja ga wanda ya nufo kan na'ura, shuɗi ga wanda yake nisanta, ta yadda za a ga idan jini yana tsallakawa ta wani rami, ko yana komawa baya ta murfin da bai rufe ba, a kuma auna gudunsa. Wasu na'urorin suna iya tattara bugun zuciyar gaba ɗaya su ajiye, likita ya zo daga baya ya juya hoton ta kowace fuska, ko a aika wa wani gwani a wani gari ya duba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu Hausawa muna da al'adar goyon ciki, musamman a haihuwar fari: idan ciki ya kai wata bakwai ko takwas sai a sa mace a mota, ta yi tafiyar kwana da yini zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato ko wani ƙauye a Jigawa, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, ta dawo bayan arba'in. Al'ada ce mai hikima, ba na neman a bar ta, domin yarinyar da ke zaune a ɗaki ɗaya a Legas, mijinta yana kasuwa tun asuba, ba ta da wanda zai dafa mata ruwan wanka. Amma ga matar da ɗanta yake da lahanin zuciya mai tsanani, wannan tafiya tana ɗauke ta daga garin da ke da asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja, ta kai ta inda watakila a ɗakin uwarta za ta haihu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kacal na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ƙarancin haka. Babban amfanin hoton zuciya a wurinmu shi ne ya gaya mana wace ce za ta tafi gida hankali kwance, wace ce kuma dole ta tsaya ta haihu inda akwai likitan jarirai, ko kuwa idan tafiyar ta zama dole, a haɗa ta tun da wuri da babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Akwai kuma kunyar cikin fari, wadda take sa yarinya ta ɓoye cikinta har sai ya fito fili, ta fara awo a wata na shida ko na bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto kafin mako na 24, ta kuma ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas. Wadda ta makara ana iya duba zuciyar ɗanta, amma ƙasusuwan haƙarƙari sun yi ƙwari suna tare hoto, kuma lokacin shiri ya ƙure.

Na san abin da wasu magidanta za su ce, domin sun sha faɗa mini a fuska: in an gani me za a yi, tunda tiyatar zuciya miliyoyin naira take ci? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Duk da cewa an fara tiyatar buɗe zuciya a ƙasar nan tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, har yau yawancin yaran da ke buƙatarta ba sa samu, wasu sai an yi karo-karo an kai su Indiya, wasu suna jiran taimakon gidauniyoyi irin wadda ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a shekarar 2000 bayan shi kansa an yi masa aikin zuciya. Amma sani tun wata na biyar yana ba iyali wata huɗu na neman taimako da shiga layi, maimakon a fara buga waya ana yawo da yaro a hannu cikin cunkoson Legas. Bayan haka ba kowane taimako ne tiyata ba. Akwai maganin da ake kira furostagilandin, wanda ake ɗura wa jariri ta jijiya ya hana gajeriyar jijiyar nan rufewa har a kai shi inda za a yi aiki, amma sai an san yana buƙata an tanade shi. Idan bugun zuciyar ɗan tayi ya yi sauri fiye da kima, ana ba uwa magani ta sha, ya ratsa ta mabiyiya ya daidaita bugun tun yana ciki. Ƙananan ramuka da yawa kuma da kansu suke toshewa yayin da yaro yake girma, abin da ake buƙata kawai sa ido.

Akwai wani lahani da manyan jijiyoyi biyun suke musayar mazauni, jinin da ya dawo daga jiki ya sake komawa jiki ba tare da ya bi ta huhu ba. Wani likita ɗan Barazil, Adib Jatene, ya fara nasarar mayar da su mazauninsu a 1975, kuma aikin ana son yin sa cikin makonnin farko na rayuwa. A wani bincike da aka wallafa a 1999 daga wani asibitin yara a Faris, cikin jarirai 68 da aka gano wannan lahani tun suna ciki babu wanda ya rasu kafin tiyata, alhali cikin 250 da aka gano bayan haihuwa 15 sun rasu kafin a kai ga yi musu. Lahani ɗaya, likitoci ɗaya, bambancin kawai lokacin da aka sani.

Wasu kuma ta fuskar addini suke kokwanto, suna ganin leƙa abin da ke cikin mahaifa shisshigi ne. Ni ba malama ba ce, amma abin da muka koya a gaban malamanmu shi ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Na'ura ba ta san ajalin yaro ba, ba ta san arzikinsa ba, abin da take nunawa tsoka ce da jini da aka riga aka halitta. Akwai masu tsoron cewa ana yin hoton ne don a ce a zubar da ciki. Dokar Nijeriya, a Kudu da Arewa, ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma abin da nake kira a kai shiri ne na tarbar yaro.

Ya kamata kuma a san iyakar gwajin. Ba ya ganin komai. Ƙananan ramuka suna iya ɓuya, kuma hanyoyi biyun da na ambata, tunda a buɗe suke ga kowane ɗan tayi, ba a iya cewa tun a ciki ko za su ƙi rufewa bayan haihuwa. Ƙibar uwa, kwanciyar yaro, tsufan na'ura da ƙwarewar mai riƙe da ita duk suna tasiri. Shi ya sa ake son bayan awa 24 da haihuwa a maƙala wa jariri ɗan abin nan mai jan haske a hannun dama da ƙafa a auna iskar jininsa, gwajin da ba ya ciwo kuma ba ya cin lokaci. A fatarmu ta baƙar fata shuɗin jiki ba ya bayyana da sauƙi, don haka uwa ta riƙa duba harshe da dasashi. Idan ta ga sun yi duhu, ko yaro yana gajiya da gumi wajen shan nono, ko numfashinsa yana sauri, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba.

Akwai matan da bai kamata su tsaya a mataki na farko ba, ko da hoton ya fito lafiya. Mai ciwon suga tun kafin ciki tana kan gaba, kuma daidaita sugan kafin ɗaukar ciki yana rage haɗarin sosai. Haka wadda ita ko mijinta aka haifa da ciwon zuciya, ko ta taɓa haifar mai shi, domin haɗarin maimaituwa yana kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari idan ɗa ɗaya ya gabata. Haka mai shan wasu magungunan farfaɗiya, wadda bai kamata ta daina sha da kanta ba sai dai ta ga likita a sauya mata, da wadda ta yi ƙyandar Jamus a farkon ciki, da mai tagwayen da suka haɗa mabiyiya ɗaya, da wadda aka yi wa dashen ƙwan haihuwa. Auren zumunci, wanda ya yawaita a cikinmu, shi ma yana ƙara yiwuwar lahanin halitta, saboda haka in an tambaya a wurin awo a faɗi gaskiya. Wadda kuma 'ya'yanta suke rasuwa cikin kwanakin farko har aka fara kiranta mai wabi, ita ce ta fi kowa cancantar a zauna a duba cikinta da kyau. Duk da haka, mafi yawan yaran da ake haifa da lahanin zuciya iyayensu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, shi ya sa hoton wata na biyar ya zama na kowa.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas da hukumomin da ke ba masu ɗaukar hoto lasisi su wajabta cewa duk takardar hoton wata na biyar ta nuna a rubuce an ga ɗakuna huɗu da mafitar jijiyoyi, ko kuwa a rubuta ba a gani ba a tura mace gaba, kuma tsarin inshorar Ilera Eko ya ɗauki nauyin hoton zuciya ga wadda likita ya tura. Horar da masu hoton da muke da su ya fi gaggawa a kan sayen sababbin na'urori. Sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu kuma za su iya samar da mata masu tafinta a manyan wuraren awo, domin na sha ganin an yi wa mace bayani mai nauyi da Turanci ko Yarabanci, ta gyaɗa kai don kunya, ta fito ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba. Malaman Islamiyyun matan aure su ma suna da bakin da mu ma'aikatan asibiti ba mu da shi.

Ga magidanci kuwa, tunda a gidajenmu izini da kuɗin awo daga hannunsa suke fitowa, abin da nake nema bai da yawa. Ya bar matarsa ta fara awo da zarar ta yi ɓatan wata biyu, ya raka ta ranar hoton wata na biyar ko ya haɗa ta da wanda yake jin harshen, ya tambayi mai hoton ko ya duba ɗakunan zuciya da jijiyoyinta, sa'an nan ya tabbata takardar sakamakon tana cikin kayanta ranar da za ta hau motar gida, domin ungozomar da za ta karɓe ta a can ba ta da wata hanyar sanin abin da aka gani a Legas.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma,
Agege, Legas.